Yadda ake zaman aperitivo a biranen Italiya, har ga wanda ba ya shan giya

Da misalin ƙarfe shida na yamma, idan an fara tashi daga aiki a Turin ko Milan, akwai tambayar da ba ta wuya a bakin mutane: "Facciamo un aperitivo?" Wato, mu je mu ɗan zauna mu jiƙa maƙoshi kafin abincin dare? Watannina na farko a Turin, duk ranar da aka yi mini wannan tayin sai in kawo uzuri in kama hanyar gida, domin a zatona mashaya ake kirana. Daga baya na lura cewa maganar da ta shafe ni, ta aiki ce ko ta wani ɗaki da za a saki a unguwa mai sauƙin haya, a wannan zaman ake yin ta, ni kuwa sai washegari nake tsintar guntunta. Shi ya sa nake son ɗan'uwa ko 'yar'uwa da karatu, fatauci ko aiki ya kai Italiya su san yadda abin yake tun kafin a gayyace su, su shiga da saninsu ko su ƙi da saninsu.

Kalmar ta samo asali ne daga aperire na Latin, ma'ana buɗewa. Abin sha ne mai ɗan ɗaci da ake kurɓa don ya buɗe ciki, tare da ɗan abin taɓawa. Mutanen Turin suna cewa a garinsu aka haife shi, domin a 1786 ne Antonio Benedetto Carpano ya fara sayar da vermouth, giyar inabi da aka jiƙa da ganyayyaki da saiwoyi, a wani shago kusa da Piazza Castello. Campari ya biyo baya a 1860, Aperol kuma a Padova a 1919. Tushen al'adar giya ce, ba zan ɓoye wannan ba. Amma abin da ya riƙe ta har yau shi ne zaman da hirar, kamar majalisar ƙofar gida bayan la'asar, kuma tun shekarun 1960 Italiyawa da kansu suka tanadi abin sha marar barasa musamman don wannan lokaci.

Mataki na farko: ka san abin da suke kira bar

A Italiya, wurin da aka rubuta wa "bar" a ƙofa shi ne inda ma'aikaci yake shan gahawarsa da safe a tsaye, inda uwa take saya wa yaro lemo bayan makaranta, inda tsoho yake karanta jarida. Ya fi kusa da teburin mai shayi na unguwa, sai dai akwai kwalaben giya jere a bayan kanta, kuma da yamma su ake saukowa da su. Akwai kuma pasticceria, shagon kek da kayan zaƙi, wanda da yawansu suna yin aperitivo cikin natsuwa, iyalai ne suka fi zuwa. Enoteca gidan giyar inabi ne zalla, wanda ba ya sha ba shi da abin yi a can sosai. Bambance waɗannan ukun zai rage maka rabin wahala.

Mataki na biyu: ka yanke shawararka tun daga gida

Ga Musulmi maganar ba ta tsaya ga abin da ke cikin tambulan ɗinsa ba. Akwai hadisin da ya hana zama a teburin da ake zagayawa da giya, kuma malamai da yawa sun tsaya a kansa. Wannan ba abin da zan yanke wa wani hukunci a kai ba ne, ka tambayi malaminka game da halin da kake ciki. Abin da na gani a tsakanin mutanenmu a can kala uku ne. Wasu ba sa zuwa sam, sai su mayar da gayyatar zuwa gahawar safe ko shan gelato, wato ais-kirim ɗinsu, da yamma, Italiyawa kuma suna karɓar wannan hannu bibbiyu. Wasu suna zuwa ne kawai idan teburin na masu lemo ne. Wasu kuma suna halartar na wurin aiki, su yi rabin sa'a su tashi. Ko wanne ka zaɓa, ka zaɓe shi kafin ka isa ƙofar, kada kunyar idon mutane ta zaɓa maka.

Kalma ɗaya za ta yi maka aiki fiye da dogon bayani: astemio, ko astemia ga mace. Sunan da suke kiran mutumin da ba ya shan giya ke nan, kuma akwai irinsu a cikin su kansu. Idan ka ce "Sono astemio", yawanci maganar ta ƙare a nan.

Mataki na uku: lokaci da wuri

Ana farawa daga wajen ƙarfe shida zuwa tara na dare. Ƙarfe bakwai ne kasuwar take ci. A kudancin ƙasar, inda ake jinkirta abincin dare, komai yana ɗan matsawa gaba. Mai salla ya duba kalandarsa, domin rana a arewacin Italiya ba irin ta Kano ba ce: a ƙarshen Yuni sai bayan tara take faɗuwa a Milan, don haka zaman gaba ɗaya yana tsakanin la'asar da magariba, amma a Disamba kafin biyar ta faɗi, sai ka yi magaribarka sannan ka fita.

A Milan, bakin magudanar Naviglio Grande ne ya fi cika, ɗalibai da baƙi ne jingim, hayaniya kuma ba a magana. Unguwar Brera ta fi tsada da natsuwa, Isola da Porta Venezia na matasan gari ne. Camparino da ke bakin Galleria Vittorio Emanuele II, daura da babbar majami'ar Duomo, yana nan tun 1915, ko adon bangonsa kawai ya isa kallo. A Turin akwai Piazza Vittorio Veneto mai faɗi da rumfunan dutse, da Quadrilatero Romano, da San Salvario kusa da tashar jirgin Porta Nuova, unguwar da baƙi 'yan Afirka da Larabawa suke da yawa. A Roma, Trastevere da Monti da Pigneto. Shawarata ita ce ka bar babban dandalin da masu yawon buɗe ido suke cika, ka shiga lungu na biyu ko na uku, ka nemi inda kake jin Italiyanci a kowane tebur. Leƙa kanta kafin ka zauna. Idan abin da aka jera sabo ne, ana ta sake fito da shi daga kicin, wurin ya yi. Idan taliya ce da ta bushe a babban tire, wuce gaba.

Mataki na huɗu: tsayuwa ko zama

Ka shiga da "Buonasera", kada ka shiga shiru, su ma suna ɗaukar rashin gaisuwa rashin tarbiyya. Daga nan akwai farashi biyu: al banco, wato a tsaye a kanta, da al tavolo, a zaune a tebur inda za a zo a yi maka hidima. Na zaune ya fi tsada, a manyan dandali kuwa yana iya ninkawa. A Piazza San Marco ta Benis, tsofaffin wurare irin su Caffè Florian, wanda aka buɗe a 1720, suna ƙara kuɗin kiɗa idan makaɗa suna wasa. Jerin farashi yana manne a bango ko kusa da wurin biya, duba shi ba abin kunya ba ne.

Wasu wuraren, musamman masu cunkoso, sai ka fara zuwa cassa ka biya, a ba ka rasit da suke kira scontrino, ka kai wa mai kanta. Wasu kuma sai ka gama. Tsaya minti ɗaya ka ga yadda na gabanka ya yi. Sannan ka tambayi abin da ke biye da abin shan, domin tsari uku ne. Ko dai a kawo maka 'yan ƙananan kwanoni na zaitun da gyaɗa da soyayyen dankalin turawa, ko a kawo faranti guda da aka shirya, ko kuma a ce ka je ka ɗiba da kanka daga abin da aka jera. Wannan na ƙarshen, idan ya yi yawa har ya maye gurbin abincin dare, shi suke kira apericena. A manyan biranen arewa ka shirya kashe kimanin Yuro 8 zuwa 15, kuma a irin wannan tsari mai lemo da mai giya sau da yawa kuɗinsu ɗaya, domin abincin ake biya.

Mataki na biyar: abin da za ka ce a kawo maka

A nan ne ya kamata a yi hattara, kuma a nan ne daɗin yake. Kalmar da za ka riƙe ita ce analcolico, marar barasa. Sarkin wannan fanni shi ne Crodino, ɗan ƙaramin kwalba mai launin ruwan lemo, an sa masa suna daga garin Crodo da ke tsaunukan Piemonte. Za a zuba maka shi a babban tambulan da ƙanƙara da yankan lemon zaƙi. Kurɓar farko zaƙi za ka ji, sai ɗaci ya biyo baya ya zauna a bayan harshe. Wanda ya tashi da goro da gauta ba zai yi baƙunta da wannan ɗacin ba, ni dai tun ranar farko ya shige ni. Kamfanin Campari ne yake da shi yanzu, ga wanda wannan ya dama.

Sai Sanbittèr na kamfanin Sanpellegrino, ja wur, ya fi Crodino kaifi. Akwai chinotto, baƙi kamar lemon kwalba da muka sani amma da ɗacin wani ɗan ƙaramin lemo da ake nomawa a yankin Savona. Akwai cedrata ta Tassoni daga garin Salò, rawaya mai ƙamshi, ga wanda ba ya son ɗaci. Idan sanyi ne, lokacin jan lemon Sisili, ka ce spremuta d'arancia, a gabanka za a matse. Ruwan tumatir da gishiri da barkono da lemon tsami ma tsohon aperitivo ne mai mutunci, succo di pomodoro condito.

Yanzu ga tarkon. Wata ranar Juma'a a wani bar da ke cike maƙil, na ɗaga murya na ce a ba ni "bitter rosso", ina nufin Sanbittèr. Yaron kanta ya ɓalle murfin wata 'yar kwalba ja mai siffar mazurari, faɗi a ƙasa tsini a sama, ya tura mini. Launin iri ɗaya ne sak. Har na ɗaga sai idona ya faɗa kan rubutun da ke jikin gilashin, Campari Soda, mai barasa kashi 10 cikin ɗari. Na ajiye, na ce masa analcolico nake so, ya dafa ƙirji ya ba da haƙuri ya sauya. Tun daga ranar nake kiran abu da cikakken sunansa, kuma nake so a buɗe kwalbar a gabana. Duk abin da ka ga an rubuta lambar da ta wuce sifili tare da "% vol" a jikinsa, akwai barasa.

Ka kuma san sunayen na giyar don kada a miƙo maka bisa kuskure. Spritz, mai launin lemo a babban tambulan da ake gani a kowane tebur, Aperol ne ko Campari ko Select da giyar prosecco da ruwa mai gas, kuma daga nesa ba ka bambanta shi da Crodino. Negroni, wanda ake dangantawa da birnin Fulorens a 1919, shi ne mafi ƙarfi. Americano a wannan lokacin ba gahawa ba ce, Campari ne da vermouth. Birra analcolica ma kada sunan ya ruɗe ka, dokar Italiya ta yarda a kira ta haka ko da tana da barasa har kashi 1.2, sai wadda aka rubuta wa 0,0. Idan mai kanta zai haɗa maka wani abu na 'ya'yan itace da hannunsa, ka ce masa "senza alcol, neanche una goccia", ko ɗigo, domin wasu sukan ɗiga Angostura don ƙamshi, ita kuwa barasa ce.

Mataki na shida: farantin

Abin sha ya fi sauƙin tsarewa a kan abinci. Alade yana ɓuya a abincin Italiya ta hanyoyin da baƙo ba zai zata ba, kuma sunayensa sun fi goma: prosciutto, salame, mortadella, pancetta, guanciale, speck, coppa, porchetta, 'nduja, lardo. Waɗannan ana ganinsu da ido. Wanda ba a gani shi ne strutto, narkakken kitsen alade da ake kwaɓa fulawa da shi. Piadina ta gargajiya, wata irin gurasa, da shi ake yi. Gnocco fritto na yankin Emilia a cikinsa ake soyawa. Taralli na Napoli da shi ake murzawa, na Puglia kuma man zaitun ne amma da farar giyar inabi a kwaɓin. Hatta focaccia da ƙananan burodi, wasu gidajen burodin suna sa shi. Manyan zaitun da aka soya da garin burodi, olive ascolane, cike suke da niƙaƙƙen nama da alade a ciki. Ƙananan pizza kuma sai ka ɗaga cukun ka duba, sau da yawa akwai yankan prosciutto a ƙasa. A Bolonya ka ninka hattara, garin mortadella ne.

Matambayi ba ya ɓata. "C'è maiale?" akwai alade? "C'è strutto?" akwai kitsensa? Dole ka yi tambayoyin biyu, domin wani zai ce maka babu alade da zuciya ɗaya, shi nama yake nufi, bai kawo kitse a ransa ba. Takardar abubuwa 14 masu tayar da borin jini da dokar Tarayyar Turai ta wajabta a nuna ba za ta taimake ka a nan ba, alade ba ya cikin jerin. Hanya mafi gajarta ita ce ka ce tun farko a yi maka faranti vegetariano, ko na kifi, sannan ka tambayi strutto. Bresaola naman sa ne, amma ba yankan Musulmi ba ne sai an rubuta halal.

Abin da ya rage maka ba kaɗan ba ne: zaitun kore manya, gyaɗa da almon, bruschetta ta tumatir da tafarnuwa, gasasshen yalo da kabewa da tattasai, wainar ƙwai da suke kira frittata, mozzarella da tumatir, tramezzino, wato sanwici, na kifin tuna, da farinata, wainar garin wake mai kama da gurjiya da ake gasawa da man zaitun a Jenowa da Turin. A Benis tsarin daban ne: ƙananan shaguna da ake kira bàcari, kusa da kasuwar Rialto da unguwar Cannaregio, suna sayar da cicchetti ɗaya-ɗaya, ka nuna da yatsa a sa maka, a ci a tsaye. Baccalà mantecato, busasshen kifi da aka buga da mai har ya yi laushi a kan yankan burodi, shi zan ce ka fara da shi.

Mataki na bakwai: ladabin zama

Idan na ɗiba da kanka ne, farantin ƙarami ne da gangan. Ka ɗiba kaɗan, ka koma sau ɗaya ko biyu, kada ka tula. Tambulan ɗaya ake yi wa sa'a guda, a hankali, ana hira. Idan ka daɗe kuma ka ci sosai, ka sake sayen wani abin sha, haƙƙin mai wuri ne. Za su ɗaga tambulan su ce "cin cin" ko "salute" suna kallon juna ido cikin ido. Wasu suna camfa yin haka da ruwa zalla, wanda kuma ba ya son shiga wannan ɗagawar ya yi murmushi kawai, ba mai tuhumarsa. Taba an hana ta a cikin irin waɗannan wurare tun 2005, masu sha waje suke fita.

Hirar ba ta da nauyi: ƙwallo, abinci, hutun Agusta, tsadar haya. Za a tambaye ka abincin garinku, ka shirya bayanin tuwo da miyar kuka da kilishi, domin Ba'italiye zai iya sa'a guda yana sauraron yadda ake dafa abu. Wajen biya, ka ce "Il conto, per favore". Idan aka ce alla romana, raba kuɗin za a yi daidai wa daida. Idan wani ya ce "offro io", ya ɗauke wa kowa, ka yi godiya ka riƙe a ranka cewa wani zagayen naka ne. Tukwici ba dole ba ne, barin 'yan canji ya isa. Wajen takwas da rabi zuwa tara za ka ga ana miƙewa, wasu gida, wasu gidan abinci.

Idan ka fi so ka yi naka a gida

Wannan ita ce hanyar da ta fi kwanta mini, kuma ita ta warware mini matsalar teburin giya gaba ɗaya. Ka gayyaci mutum huɗu ko biyar ƙarfe bakwai, ka faɗa musu tun farko cewa gidanka ba a shigo da giya, don kada wani ya zo da kwalba a matsayin tsaraba kamar yadda suka saba. Ka sayi Crodino da chinotto a babban kanti, suna zuwa a ƙunshi, ka sa a firji tun rana. Ka tanadi ƙanƙara da yawa da lemon zaƙi biyu don yankawa. Zaitun kwano ɗaya, soyayyar gyaɗa kwano ɗaya, burodi da aka gasa aka goga masa tafarnuwa aka ɗora tumatir da man zaitun da gishiri. A Turin, kasuwar Porta Palazzo tana da mahautan halal, sai ka sayi nama ka yi tsire ƙanana a tanda, da ƙuli-ƙuli da yaji idan ka samu a shagunan 'yan Afirka da ke kewayen.

Sannan ka dafa zoɓo. Italiyawa sun san shi da sunan karkadè, tun shekarun 1930 yake shiga gidajensu a matsayin madadin shayi, amma yawancinsu da zafi suka san shi. Ka dafa shi da citta da kanumfari, ka rage sukari ƙwarai ya fi yadda ake yi a gida tsami, ka bari ya huce ya yi sanyi. Ka cika tambulan da ƙanƙara, zoɓo kashi biyu, ruwa mai gas kashi ɗaya, yankan lemo a baki. Ka dafa lita biyu aƙalla, domin ranar da na fara yi lita ɗaya na tanada, kafin takwas tulun ya ƙare, wata maƙwabciyata dattijuwa kuma ta tafi da ragowar busasshen zoɓon a takarda.